Zinaren Bradbury: cin banza ne ko guminsa ne?

Ɗan Fagge: Jama'a don Allah a daina turo mana bidiyon Baturen nan na tseren ƙanƙara ana cewa wai darasin haƙuri ne. Na gaji. Ga wanda bai gani ba: wasannin Olympics na lokacin sanyi ne, 2002, a Salt Lake City ta Amurka, tseren mita 1000 a ƙaramin fili. Mutum biyar suka fito zagayen ƙarshe. Steven Bradbury ɗan Ostireliya shi ne kurar baya tun daga farko, a kwanar ƙarshe huɗun da ke gabansa suka yi karo suka zube, shi kuma ya sulalo ya wuce yana ɗaga hannu. Wannan ba nasara ba ce, banza ya ci. Wanda ya isa ya musa.

Baban Khalifa: Banza? Kai ɗin nan ko tayil aka goge da ruwa ba ka iya tsallake shi, shi ne za ka kira zakaran Olympics banza.

Ɗan Fagge: Yaya, karanta da kyau. Cewa na yi banza YA CI. Ban ce shi ne banza ba.

Baban Khalifa: Duk ɗaya ne. Wa ke cin banza in ba ɗan banza ba?

Malam Na Tudu: Subhanallahi. Ku iya bakinku. Babu wani abu banza a cikin abin da Allah ya ƙaddara. Rabo ne, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ba a musun ƙaddara. Amma ai wanda ya tsinci kuɗi a hanya ma rabonsa ne, ba a dai ba shi lambar yabo.

Injiniya: Ku bari in faɗi abin da bidiyon bai nuna ba. Filin nan zagayensa mita 111 ne da ɗoriya, mita 1000 zagaye tara ke nan, mutum huɗu biyar a cunkushe, kowa da ƙarfe mai kaifi kamar aska a ƙasan takalminsa. Faɗuwa a wasan nan ba abin mamaki ba ce, kullum ana yi. Bradbury yana da shekara 28, ya san ƙafarsa ba ta kai ta yaran ba, sai shi da kociyarsa Ann Zhang suka shirya ya tsaya a baya ya bar su su ci junansu. Da gangan ya yi. Kuma mutumin da kuke magana a kai, a 1994 takalmin wani ya tsarge masa cinya, sai da aka yi masa ɗinki 111. A 2000 ya karye a wuya wajen atisaye. Yana cikin 'yan huɗun da suka ciyo wa Ostireliya tagulla a Lillehammer a 1994, lambarsu ta farko a wasannin sanyi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, malam.

Ɗan Fagge: To Injiniya faɗi sauran mana, kada ka ɓoye. A zagayen kwata na uku ya zo, an riga an fitar da shi, sai aka kori Marc Gagnon na Kanada ya samu shiga. A na kusa da ƙarshe ma zubewa aka yi a gabansa. Sau uku fa! Ɗinki 111 tausayi ne, ba gudu ba ne.

Maman Ummi: Ni tambayata ɗaya. Da zafin nan da ake, ga ba wuta tun jiya, ƙanƙarar da za mu sa a zoɓo ma sai an yi layi, ku kuna faɗa kan wadda ake takawa da ƙafa?

Ɗan Damagaram: Hajiya ki bar su. Mu dai a filin kokowa in ƙafarka ta zame ka kai ƙasa, kaye ne, ba mai tambayar ko abokin karawarka ne ya ɗaga ka. Wanda ya rage a tsaye shi ke ɗaukar takobi.

Oga Seoul: Duk kun bar inda zaluncin yake. Wanda aka cuta a gasar nan 'yan Koriya ne. Ahn Hyun-soo yana da shekara 16 aka haɗa da shi a faɗuwar nan, ya tashi ba ko tagulla. Bayan 'yan kwanaki a mita 1500 Kim Dong-sung ya riga kowa shiga, har ya ɗauki tuta, alƙali ya ce ya tare wa Apolo Ohno ɗan Amurka hanya, aka ƙwace aka ba ɗan gida. Kuma alƙalin ɗan ina ne? Ɗan Ostireliya. Ku haɗa lissafin da kanku.

Baban Khalifa: An zo wajen. Wata shida ka yi kwas a Koriya, yau shekara nawa ba mu huta ba.

Oga Seoul: Wata tara ne. Kuma je ka kalli wasan Koriya da Amurka a gasar cin kofin duniya ta 2002, da Ahn Jung-hwan ya farke ƙwallo, murnar da ya yi kwaikwayon tseren ƙanƙara ce. Ƙasa guda ba ta riƙe abu a rai haka kawai.

Injiniya: Maganar Ohno daban, ta Bradbury daban. Shi Ohno ma a mita 1000 ɗin da rarrafe ya kai ƙafarsa layi ya samu azurfa, cinyarsa a yanke.

Gunner Na Asali: Ni dai na fahimci Ɗan Fagge sarai. Irin kofin da Chelsea ta ɗauka a Munich a 2012 ne. An yini ana dukanka, ka tashi da kofi.

Shugaba: Kai, kiyaye. Drogba minti na 88 da ka, a gidan Bayern, sannan ya buga fenaretin ƙarshe. Wannan ne banza?

Gunner Na Asali: Motar da kuka faka a bakin raga fa, Shugaba?

Shugaba: Ku da kuka je Paris a 2006 ba ku faka komai ba, me kuka dawo da shi?

Baban Khalifa: Jan kati, tun minti na 18.

Gunner Na Asali: Yaya kai da ba ka da ƙungiya, duk wadda ta ci ita ce taka, kai ne Bradbury na gidan nan.

Malam Na Tudu: An kira sallah.

Ɗan Fagge: Har yanzu ba wanda ya amsa min. Mutumin ya fi su gudu ko bai fi su ba? E ko a'a.

Maman Ummi: Ƙanina, ya dai fi su tsayuwa.

Oga Seoul: Shi Ahn ɗin da aka kayar, zinare uku ya ci a Turin a 2006, ya koma Rasha ya ƙara uku a Sochi a 2014. Shi Bradbury nawa ya ƙara?

Injiniya: Ai daga gasar nan ya yi ritaya.

Oga Seoul: To ka gani.

Shugaba: Ya isa haka, zan taƙaita tunda an fara taɓa mutuncin manya. Abin da mahawara ta tabbatar: na ɗaya, kusan kowa ya yarda cewa tsayawa a baya a jira abokin hamayya ya yi kuskure dabara ce ta masu hankali, ko a ƙanƙara ko a ciyawa, kuma Injiniya ya kawo hujjoji da shekaru. Na biyu, kalmar banza ba ta dace ba, muna ɗauka Ɗan Fagge ya janye ta. Maganar Koriya ba ta cikin batu, Oga Seoul ya buɗe nasa zauren. Gunner kuma an ba shi hutun kwana biyu saboda kawo ƙwallo cikin zancen da ba na ƙwallo ba. An rufe.

Ɗan Fagge: Ban janye ba fa.

Shugaba: An rufe na ce.