Neman taimako kan gajeren labarin "Winter Dreams"

Assalamu alaikum, masana adabi. Ina rubuta nazari a kan labarin nan na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1922, kuma na cije a wuri guda. Dexter, ɗan mai kanti, ya yi arziki da sana'ar wanki, amma baikonsa da Irene ya watse saboda Judy, 'yar masu kuɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hawayen da ya zubar da ya ji kyanta ya dushe a gidan miji mashayi: ita yake yi wa kuka, ko kuwa burinsa? Na kasa rarrabe soyayyarsa da kwaɗayin matsayi, tunda ba ma ganin Judy sai ta idonsa. Don Allah ku nuna mini ta inda zan ɓullo wa lamarin.