Wai me za mu kira "gene" da Hausa ne?

Malamin Bayoloji: Salam jama'a. Muna bitar darasin gado da 'yan SS3 saboda WAEC da NECO sun matso, kuma in ban juya musu da Hausa ba abin baya zama. Matsalar ita ce komai ƙwayar halitta ake ce masa, a rediyo cell ƙwayar halitta, gene ƙwayar halitta, DNA ma haka, to ta yaya zan ce wa yaro a cikin ƙwayar halittar mutum akwai kuromozom 46, a jikinsu kuma akwai ƙwayoyin halitta wajen dubu 20? Ai sai ya saki baki yana kallona. Cell dai ta riga ta cinye wannan sunan, a bar mata. Gene nake nema wa.

Ɗan Sabon Gari: Malam a ce jin kawai mana, kamar yadda muka ce sikila da jinotaif kuma kowa ya gane.

Malamin Bayoloji: Jin kuma? "Ka gaji jin nan daga babanka", wallahi rabin ajin aljanu za su ɗauka.

Anti Nas: Ni ƙwayar gado nake cewa a wajen aiki in ma'aurata sun zo gwajin jini, kuma suna fahimta. Ina ce musu AS da AS in sun yi aure, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, kowane ciki fa, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba.

Ɗan Sabon Gari: Anti a rubuce ƙwayar gado ai kuɗin cizo ne hhhh

Anti Nas: Kai dai ba ka da dama.

Tsohon Malami: Gadon ba shi da laifi, magana ce ke raba gadon kwana da na magada. Ƙwayar ce ban yarda da ita ba, don tana sa yaro ya zaci wani ɗan dunƙule ne yake yawo shi kaɗai, alhali yanki ne a jikin dogon zaren DNA. Shi kansa Mendel, masanin da ya fara gano ƙa'idojin gado, da ya fitar da aikinsa kan waken Turawa (peas) a 1866 bai taɓa ganin abin ba, lissafin 3 da 1 ne, wato a jikokin shukar uku su fito da siffa ɗaya, ɗaya ya fito da ɗayar, ya nuna masa akwai shi, sunan gene ɗin ma sai 1909 wani masani ɗan Denmark, Johannsen, ya raɗa. Ni gaɓar gado nake gani. Ka ɗauko rake ka shiga da shi aji, sandar ita ce kuromozom, kowace gaɓa da aikinta. Ta sikila tana kan sanda ta 11, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Malamin Bayoloji: Allah ya ƙara girma Baba, wannan ta zauna. Har allele ta samu, sai a ce nau'in gaɓa, A da S nau'i biyu ne na gaɓa ɗaya. Dominant kuwa mai rinjaye, wannan ba gardama.

Anti Nas: Na karɓa don aji, amma wa majinyata ƙwayar gado zan ci gaba da cewa, sun saba. Recessive fa? Kar dai a ce mai rauni, don S ɗin nan ba rauni gare ta ba.

Tsohon Malami: Mai laɓewa. Tana nan, sai ta haɗu da irinta take fitowa.