Iyakilina ta soso ko ta auduga: wacce ta dace da Legas?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Corolla gare ni ƙirar 2008, ina haya da ita tsakanin Agege da Ikeja, wani lokaci har Ikorodu. Na shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, neman iyakilina, wato filtar da ke tace iskar da injin ke zuƙa, sai mai shago ya fito min da iri biyu da ake wankewa a mayar: ta soso, da ta auduga da ake shafa wa jan mai, irin ta kamfanin K&N. Wai mota za ta ƙara ƙarfi, ta rage shan fetur. Kuɗinsu ya fi na ta takarda nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka?

Makanike, Idi-Araba: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dukansu biyun da mai suke aiki. Ta auduga yadi ne mai sirara da aka jera tsakanin ragar waya, man da ke jikinsa shi ke kama ƙura. Iska na wuce ta cikin sauƙi, amma ƙura mai laushi, irin ta hunturu, ita ma takan samu hanya. Ta soso ta fi kauri, tana haɗiye ƙura da yawa kafin ta toshe, shi ya sa ake sa ta a baburan jeji da ƙananan janareto. Sai dai tana son wanki a kai a kai, kuma in ta tsufa zafi kan sa ta marmashe, injin ya zuƙe ɓurɓushin.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: a motarka akwai sansa mai auna iska, daf da akwatin iyakilina. In mai ya yi wa filta yawa, yakan fantsama ya manne a siririyar wayar sansan. Daga nan sai mota ta fara shaƙewa, wutar cek, mai nuna injin na da matsala, ta kama. In kuma man ya yi kaɗan, ƙura ta wuce ta ci ringin fistin da ke cikin injin, ka koma ƙara baƙin mai duk mako.

Direban tirela, Apapa: Ni dai in dole sai ɗaya, soso zan ce. Duk wanda ya kwana a layin shiga tashar jirgi ya san ƙurar da muke sha. Amma Malam, kai da ke fita tun asuba, yaushe za ka zauna ka wanke, ka jira ta bushe a inuwa, ka shafa mai? Kuma ba a wanke ta da fetur, ba a shafa mata baƙin mai, nata man daban ne.

Wani ɗan'uwa, Yaba: Maganar rage shan mai kam ka manta da ita. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa da wannan yake talla. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada a 2009, ta gano cewa a mota mai injekta, irin taka, ko filtar ta toshe shan fetur bai cika canzawa ba, domin kwamfutar motar na daidaita fetur da iskar da ta shigo. Jan mota ne ke raguwa. Ƙarin ƙarfin ta auduga kuwa sai ka take totur har ƙasa za ka ji shi, in ma ka ji. A gosulon Oshodi ina za ka taka?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To wadda ake cire akwati gaba ɗaya a ɗaura mai kama da mazurari fa? Ƙararta na burge ni.

Makanike: A'a ɗan'uwa, kar ka soma. A fili take, zafin injin take zuƙa, ga damina. In an sauke ta ƙasa ka faɗa ambaliya, ruwa ya shiga silinda, sai ka ji fistin ya tsaya cak, rodin da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Bar akwatinka yadda kamfani ya yi shi, ka nemi ta takarda ta asali, don jabu sun cika kasuwa. Duba robar gefen ta zauna daram ba kafa. Duk sanda za a juye baƙin mai a ciro ta a ɗaga wa rana, in haske ba ya ratsa ta a canza. Kuma ka hana yaran gareji hura mata iskar kwamfiresa, huda ta suke yi.