Shawarwari kan sayen tsofaffin kiɗan gargajiyar Turai da aka sabunta

Da masu tara faya-fayai suka zauna kan batun, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kafin ka duba lambobin ingancin sauti da ke jikin kwali, tambayi daga ina aka kwafo sautin. In daga ainihin tef ɗin ɗauka ne, kamar na jerin faya-fayan Living Stereo na kamfanin RCA na shekarun 1950, waɗanda aka ɗauki da yawansu a layin sauti uku, to SACD (faifai mai kama da CD amma mai ɗaukar sauti fiye da ita) ko fayil ɗin sauti na FLAC mai bit 24 (bit ma'aunin zurfin sautin dijital ne) na iya fito da sararin zauren da kaurin goge. Amma abin da aka ɗauka da na'urar dijital a farkon shekarun 1980, galibi a bit 16, ko an kumbura shi zuwa 192 kHz (wato awon sauti sau dubu 192 a daƙiƙa) babu abin da ya ƙaru sai nauyin fayil.

An fi jan muhawara kan share ƙarar shuuu ɗin tef. Wasu injiniyoyi kan matsa har kiɗan ya bushe, shi ya sa da dama suka ce gara a bar ɗan ƙarar. Ni ma ra'ayina ke nan.

Faifan garmaho mai juyi 78 a minti kuwa, CD ta ishe shi.