Shin Thoroughly Modern Millie wasa ne kawai?

Auta: Assalamu alaikum. Ina da magana a kan fim ɗin nan na 1967, Thoroughly Modern Millie, wanda Julie Andrews ta ja ragamarsa. Ni a ganina fim ɗin ya ci amanar yarinyar da ya ɗauko labarinta. Ga wanda bai gani ba: Millie budurwa ce a birnin New York a 1922, ta je aka rage mata gashi, ta sayi gajeriyar riga, ta ce daga yau ita 'yar zamani ce, za ta nemi aikin sakatariya ta auri shugabanta a wurin aiki. Fiye da awa biyu muna biye da ita, sai a ƙarshe ta faɗa wa saurayinta cewa ta gaji da neman daidaito da namiji, mace kawai take son zama. To me ya sa aka wahalar da mu?

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, kin ɗora wa fim ɗin kayan da bai ce zai ɗauka ba. Tun daga farko shaguɓe yake yi wa finafinan shekarun 1920. Ba ki ga yadda Millie take juyowa ta kalli kyamara, sai a nuno abin da ke ranta a rubuce a kan allo, irin na finafinan da ba su da murya? Ga na'urar hawa bene ta otal ɗinsu da ba ta motsi sai an taka rawa a cikinta. Ga Muzzy, wata attajira wadda Carol Channing ta fito a matsayinta, an cillo ta daga bakin igwa. Ga Jimmy, saurayin Millie, yana rarrafe a jikin dogon bene, abin da ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd ya yi suna da shi a 1923. Ƙarshen ma haka yake: tsofaffin finafinan da aure suke ƙarewa, shi ma ya ƙare da aure don a yi dariya. Wasa ne daga farko har ƙarshe.

Auta: Allah ya ƙara girma, Kawu, amma a wurin furucin nan nata na ƙarshe ban ga alamar wasa a fuskar Julie Andrews ba. Da gaske take faɗa.

Anti Malama: Ku bari in sa baki. 'Yan matan zamani irin Millie, da ake kira flapper, ba ƙirƙirar masu fim ba ne. A 1920 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 19, aka hana tauye wa mace ƙuri'a saboda kasancewarta mace. A shekarar ce kuma dokar haramta sayar da giya ta fara aiki, har zuwa 1933, gidajen rawa na ɓoye suka cika birane. 'Yan mata suka yi ta barin ƙauyuka suna shiga ofisoshi da shaguna, suna karɓar albashinsu da hannunsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fim ɗin kuwa abin da ya ɗauka a ciki shi ne aski da riga da dogon tsakiyan wuya. Ku tuna wurin da Millie take fama da tsakiyanta ya ƙi sauka a miƙe kamar na sauran 'yan mata marasa ƙirji. Na yi dariya sosai, ban musa ba. Sai dai duk zamanancinta a kanti ta saye shi, burinta kuma tun farko miji ne mai kuɗi. Don haka ni ban ce an ci amanarta a ƙarshe ba, Auta. Tun farko ba a ba ta wani babban burin da za a ci amanarsa ba.

Kawu: Yawwa. Ai shi ne abin dariyar, Malama.

Anti Malama: Ban gama ba, Kawu. A 1967 aka fito da shi, shekara ɗaya bayan kafa babbar ƙungiyar matan Amurka ta NOW, lokacin da maganar albashi da aikin mata take tashe. Wanda ya rubuta wa jaruma wannan furucin a irin wannan lokacin ya san da wa yake.

Yaya Babba: Duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Mai kula da otal ɗin, Misis Meers, sana'arta ita ce ta gano yarinyar da ba ta da kowa, ta sa mata maganin barci, a jefa ta cikin kwandon wanki mai taya, a kai ta unguwar 'yan Sin a sayar. Masu tura kwandon mutum biyu ne, an mai da su wawaye, ko suna ba a ba su ba, lamba ɗaya da lamba biyu aka rubuta musu a jerin 'yan wasa. Waɗanda suka fito a matsayin, Jack Soo da Pat Morita, ba ma 'yan asalin Sin ba ne, asalinsu Japan, kuma dukansu gwamnatin Amurka ta tsare su a sansanoni lokacin yaƙin duniya na biyu saboda asalin nasu. Morita yana yaro a lokacin. Ka duba mutanen da suka ga wannan, sannan aikin da aka ba su shi ne su zama dodon da ke satar 'yan mata fararen fata.

Kawu: Wannan ma kwaikwayon tsofaffin labaran ne, Babba. Haka finafinan wancan zamanin suke nuna unguwar 'yan Sin, su kuma suka zuzuta shi har ya zama shirme. Kada kuma ka manta da Tea, amintaccen gidan Muzzy, wanda Philip Ahn ya fito a matsayinsa. Dattijo ne mai hankali, yana ɓangaren mutanen kirki. Shugabar miyagun kuwa, Misis Meers, Beatrice Lillie ce ta fito a matsayinta, haifaffiyar Kanada.

Yaya Babba: Kawu, da girmanka, amma tsofaffin labaran nan sun yi wa mutane illa ta gaske. Tun 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. Jita-jitar cewa baƙi suna sace 'yan mata suna sayarwa ta yi ƙarfin da ta taimaka wajen kafa dokar Mann ta hana safarar mata don karuwanci a 1910. Idan za ka yi wa ƙarya shaguɓe, dole wani abu a cikin fim ɗin ya nuna ƙarya ce. A nan kuwa Millie ta je ta tarar da 'yan matan a ɗaure da gaske a bayan wurin haɗa kayan wasan wuta. Labarin ya tabbatar da tsoron, bai rushe shi ba.

Maman Yara: Ni dai ina son fim ɗin, ba zan ɓoye ba. Muryar Julie Andrews, da rawar da ita da Mary Tyler Moore, wadda ta fito a matsayin Dorothy ƙawar Millie, suke yi a cikin na'urar hawa benen, da yadda Carol Channing take cika ko'ina idan ta shigo. Ba banza aka sa Channing cikin masu takarar Oscar ba, Elmer Bernstein kuma ya ci kyautar a kan kiɗan fim ɗin. Amma maganar Yaya gaskiya ce, kuma hujjar tana hannun waɗanda suka mai da labarin wasan dandamali a Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 2002. Sun ba mutanen nan biyu suna, Ching Ho da Bun Foo, suka ba su dalili: kuɗi suke tarawa su kawo mahaifiyarsu daga Hong Kong. Misis Meers kuma suka mai da ita tsohuwar 'yar wasa da ke shigar burtu tana ƙaryar ita 'yar Sin ce. Da ba su ga matsala ba, ba za su taɓa wurin ba. Wasan ya ci kyautar Tony ta wasannin dandamali guda shida, duk da haka har yanzu ana ƙorafi a kansa.

Kawu: Na ji wannan, kuma ba zan kare kwandon wankin ba. Amma batun Millie ina nan a kan bakana. Muzzy ta ba ta labarin yadda ta karɓi kyautar mijinta tana zaton koren gilashi ne, don shi take so, daga baya ta gane zumurrudu ne. Darasin Millie ke nan: ta bar lissafin aljihu ta bi zuciyarta. Ina aibin wannan?

Auta: Aibinsa, Kawu, shi ne ba ta yi asarar ko sisi ba. Jimmy da muka sani yana tallar maƙalar takarda, ashe attajiri ne, ɗan mijin Muzzy, Dorothy kuma 'yar'uwarsa. Ta zaɓi talaka, aka miƙa mata miloniya. Abin da ta ajiye shi ne aikinta kawai.

Anti Malama: Akwai abu ɗaya da zai taimaki Kawu. Shugabanta a wurin aiki, Trevor Graydon, sunan namiji yake kiranta da shi, John, saboda ƙwazonta. Ta yi kwalliya, ta yi rangwaɗa a gabansa, bai taɓa ganin mace a wurin ba, ranar da ya ga Dorothy kuwa nan take ya susuce. Idan ka bi ta nan, furucinta na ƙarshe amsa ce ga wannan mutumin: ta gaji da zama John.

Auta: Anti, ai wannan ni ya taimaka. Fim ɗin ne ya tsara cewa muddin ta iya aiki sunanta John, sai ta bar tebur sannan za a kira ta mace. Richard Morris ne ya rubuta labarin, George Roy Hill ya ba da umarni, da sun so da sun bar mata Jimmy da aikinta duka. Da me hakan zai rage wa rawa da waƙa?

Kawu: Da bai rage komai ba. Amma da an yi haka, da ya tashi daga kamannin finafinan 1920 ɗin da yake kwaikwayo, ni kuwa saboda kwaikwayon nake kallonsa.