Kwikwiyo ɗan sati bakwai: ta ina zan fara?

Abu Safwan:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. An kawo mini kwikwiyo namiji ɗan sati bakwai, ruwa biyu ne, uwar ta gida, uban kuma irin na Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan. Don gadi nake son renonsa, saboda gidanmu a bakin gari yake. Yau kwana uku ba ya barin kowa ya runtsa da dare, ga fitsari da kashi ko'ina a tsakar gida, cikinsa kuma ya kumbura kamar ganga. Wanda ya ba ni shi ya ce in kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya saba da mutane, in riƙa zuba masa barkono a abinci, wai ta haka zai yi zafi. Shin haka ne? Sannan wace allura ake yi masa, kuma yaushe? Akwai yara ƙanana a gidan.

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Maganar zafi ta dakata tukuna, a fara neman ya rayu. Daga sati shida zuwa wata huɗu lokaci ne mai haɗari ga 'yan kwikwiyo, kuma abu biyu ne kan gaba wajen kashe su: tsutsar ciki da cutar fabo mai sa amai da gudawar jini.

Kumburin cikin nan da wuya idan ba tsutsa ba ce. Tun kwikwiyo yana ciki take shigarsa ta mahaifa, wata kuma ta nono, don haka ko ɗan gidan da ya fi kowane tsafta ba ya rasa ta. Da nauyi ake ba da maganin, ba da ka ba. Ka hau sikeli ɗauke da shi, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire wannan daga wancan. Maganin da ya dace da shekarunsa shi ne wanda aka rubuta Pyrantel a jikin kwalbar, miligiram 5 ga kowane kilo ɗaya. A maimaita duk bayan sati biyu har ya kai sati 12, daga nan wata-wata har wata shida, sannan duk bayan wata uku. Kada ka yarda a tsira masa allurar tsutsa ta shanu da kintace, kaɗan ta wuce ƙima sai ka ga yana tangaɗi, yana dalalar da miyau, wani ma ya makance. Tunda akwai yara, a kwashe kashinsa kullum. Ƙwan tsutsar sai ya yi sati biyu ko fiye a ƙasa kafin ya iya kama mutum, wanda ke sharewa yau da gobe ya tare hanyar ke nan.

Bayan maganin tsutsa da 'yan kwanaki, in yana ci yana wasa, a yi masa rigakafin farko, mai kare shi daga fabo da wasu cututtuka, wanda a kati za ka ga an rubuta DHLPP. A yi a sati 8, a sake a sati 12, a rufe a sati 16. Na ciwon hauka kuma a sati 12, sannan shekara-shekara. Mutane kan yi guda ɗaya su ce an gama, to ga dalilin maimaitawar. Dakashin da ya sha a kwanan farko ya ba shi kariyar uwarsa, kuma muddin wannan kariyar tana jikinsa tana kashe ƙarfin allurar. Ba rana ɗaya take gushewa ga kowane kwikwiyo ba, wani tun sati shida, wani sai ya haura sati 14. Ana maimaitawa ne don a dace da lokacin da ta janye. Ta sati 16 ɗin nan ita ce aka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi muhimmanci.

Ka sa ido kan inda allurar ta fito. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, garin allurar da ruwanta kuma a gabanka za a haɗa su. Wadda ta yini a aljihu ko a bayan babur ba ƙanƙara, ruwa ce kawai. A ɓare takardar jikin kwalbar a manna maka a kati, a sa kwanan wata. Asibitin dabbobi na jiha ya wadatar, in kana kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri akwai asibitocin koyarwa na jami'a.

Alamar fabo kuwa: ya ƙi abinci, ya lafke, ya fara amai, sai gudawa mai jini da wani irin ɗoyi. Ba maganin da ke kashe ƙwayar, ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai ne ke riƙe shi har jikinsa ya yi galaba, kuma kwana biyu zuwa uku sun isa rashin ruwa ya gama da shi. A ranar za a kai shi, ba washegari ba. Ƙwayar tana yin watanni a ƙasa, tana bin takalmi ta shigo gida. Sabulu ba ya kashe ta, sai bilic, murfi ɗaya cikin murfi 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Kada ƙafarsa ta taka titi sai bayan sati biyu da allurar ƙarshe.

Mai Horo:

Likita ya gama nasa. Ɗan'uwa, barkonon nan da ɗakin duhu ka manta da su. Barkono ciwon ciki da gudawa zai jawo, ba zuciya ba. Karen da ya tashi a kulle kuwa matsoraci ake samu, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon yaro ko almajirin da ya zo bara, amma ya shige ƙarƙashin mota in ƙato ya diro ta katanga. Aikin gadi rarrabewa ne: wannan ɗan gida ne, wannan baƙon arziki ne, wannan motsin kuma na ƙarfe biyun dare ba na lafiya ba ne. Wanda bai taɓa ganin yadda gida yake da rana ba, da me zai gane abin da ya saɓa? Daga sati uku zuwa wajen sati 14 ƙwaƙwalwarsa a buɗe take, duk abin da ya gani cikin kwanciyar hankali a wannan tsakanin ya zama sananne har ya tsufa. Haushin tsaron gida da kansa yake zuwa, galibi bayan wata shida zuwa shekara, balle mai jinin Alseshan.

Kukan dare kewar uwa ce da 'yan'uwansa. Da ma sati takwas ya kamata a raba su, amma aikin gama ya gama. Sama masa keji ko kwali daidai yadda zai miƙe, ya juya, ya kwanta, kada ya fi haka, domin in ya yi faɗi sai ya mayar da gefe guda masai. Shimfiɗa tsohon zane, ka ajiye a baranda inda zai riƙa jin motsin mutane. Sau ɗaya ko biyu cikin dare ka fitar da shi ya yi fitsari, ba wasa ba surutu, ka mayar. In kuwa duk kukan da ya yi aka taso da abinci, to an koya masa kuka ke nan. Yawanci cikin mako guda yake dainawa.

Na fitsari da kashi, zaɓi lungu ɗaya nesa da madafi da wurin wasan yara. A kai shi can da zarar ya farka, da bayan cin abinci da kamar minti goma zuwa sha biyar, da bayan wasa, da kuma duk awa biyu. Abin da ake ƙiyastawa, awa ɗaya yake iya riƙe fitsari ga kowane wata na haihuwarsa, ɗan wata biyu ke nan awa biyu. In ka ga yana shinshina ƙasa yana kewaye, sunkuce shi. Yana gamawa a wurin da ya dace, nan take ka yabe shi ka ba shi ɗan guntun dafaffiyar hanta kamar ƙwayar gyaɗa. In ka bari sai an dawo ɗaki, bai san ladan mene ne ba. Dangwara masa hanci cikin kashi ko duka bayan awa ɗaya ba ya koya masa komai sai ɓuya, ya koma yi a bayan kujera. Inda ya ɓata a wanke sosai, warin ne ke kiransa ya dawo.

Darasi minti uku zuwa biyar, sau uku a rana, kafin cin abinci. Fara da sunansa, sai "zo", sai "zauna", sai "bari". Don zauna, riƙe guntun hantar a saitin hancinsa ka ɗaga ta a hankali zuwa bayan kansa, ƙugunsa zai sauka da kansa, yana taɓa ƙasa ka ce "zauna" ka ba shi. Kowa a gidan kalma ɗaya zai riƙa faɗa, kada maigida ya ce "zo", uwargida ta ce "taho", yara su yi fito. Kuma kada a taɓa kiransa da "zo" don a doke shi, daga ranar ya daina zuwa.

Cizon wasa zai yi yawa, saboda haƙoran nono 28 suna fara zuba wajen wata huɗu, manya 42 su cika wajen wata bakwai. Haƙori na taɓa fata a tsayar da wasa a juya masa baya, a miƙa masa igiya mai kauri da aka ƙulle. Kada a ba shi tsohon takalmi, ba zai bambance shi da na zuwa masallacin Juma'a ba.

Hajiya Maman Hanifa:

Malam, abinci fa, don a nan matan gida ke shigowa. Sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan safe da yamma. A ajiye kwano minti goma sha biyar a ɗauke, ko ya cinye ko bai cinye ba. Wanda ya san lokacin ci, shi ake sanin lokacin kashinsa.

In da hali a sayi abincin buhu na 'yan kwikwiyo, a jiƙa da ruwan ɗumi, a bi awon da ke jikin buhun, kuma kada a ƙara masa maganin ƙarfin ƙashi a kai, yawansa yana lalata gaɓoɓin manyan karnuka. In na gida ne, ɗumamen tuwo zalla ba ya gina jiki, ƙafafu ne za su lanƙwashe. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya zama nama ko kifi da aka cire ƙaya ko dafaffen ƙwai, sauran shinkafa ko tuwo da ɗan kabewa ko karas, kuma a nuna wa likita haɗin don ya daidaita abin gina ƙashi. A ɗebi nasa kafin a sa kayan miya. Albasa da tafarnuwa suna farfasa masa jini, goro da cakulan guba ne a gare shi, inabi yana taɓa ƙoda, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu gudawa take sa yawancinsu. Farasitamol da maganin ciwon jiki na mutane kuma a nesanta.

Awon ƙiba da hannu ake yi: ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, amma kada ido ya riƙa ƙirga su. Kwanonsa biyu, na ci da na ruwa, da soson wankinsu daban, kada su haɗu da kayan kicin. Yara kuma kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, su wanke hannu da sabulu bayan wasa.

Abu Safwan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai kaina ya ɗaure. Likita ya ce kada ya fita sai bayan sati 16, Mai Horo ya ce ƙofar sabo tana rufewa a sati 14. Wanne zan bi?

Likitan Dabbobi:

Duka biyun, Malam. Ƙasar waje da kashin wasu karnuka na hana, ban hana ganin duniya ba. A ɗauke shi a hannu ko a kwando a tsaya bakin ƙofa ya ga babura da awaki da masu talla. A zaga da shi a mota. A cikin gida ya ga mai rawani, da mai hijabi, da mai sanda, da mai ɗauke da tulu ko buhu a ka, ya ji janareto da injin markaɗe daga nesa, ana ba shi ɗan abin tauna. In ya noƙe ko ya cusa wutsiya, an matsa da yawa, a ja baya. A riƙa taɓa kunnuwansa da tafin ƙafa da baki kullum, zai sauƙaƙa mana aiki nan gaba. Baƙi dai su bar takalmi nesa da wurinsa.

Baba Sarkin Baka:

Ɗana, saura na fata, ba wanda ya taɓo. Kullum da yamma duba cikin kunne da tsakanin yatsu da hammata, nan kaska ke maƙalewa. Kama ta daf da fata ka ja a miƙe, kada ka matse cikinta. Ɗaga leɓensa kuma ka ga dasashi, in ya koma fari maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa, a nufi asibiti. Kada a shafa masa baƙin mai ko kalanzir don ƙazuwa, kada kuma a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, fata na tsotsewa, yana kuma lashewa. Likita ya zaɓa maka na ƙuma da kaska daidai da watanninsa.

Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da aka yi wa fitsari. Kwikwiyo ya kwanta a kai, tsutsar ta shige fata, sai ka ga ƙurji kamar maruru da 'yar ƙofa a tsakiya tana motsi. Toshe ƙofar da basilin, in ta leƙo neman iska ka matso ta gaba ɗayanta, ka wanke wurin. Maganinsa ya kwana a kan katako ko siminti busasshe.

Abin wuya kuma, yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata, a duba duk Juma'a, wuyan yana girma abin ba ya girma, har ya nutse cikin nama. Da bazara inuwa da ruwa kada su yanke, kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce zafi, kejin kwano a rana kuwa tanda ce.

Likitan Dabbobi:

Baba ya yi gaskiya. Ƙari ɗaya saboda yaran: in haƙorinsa ya fasa fatar wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar da katin rigakafinsa a hannu. Shi kuma kada a kashe shi ko a kore shi, a killace shi a sa masa ido kwana goma.