Na kori ɗalibi kan maganar gudun haske, yanzu na rasa yadda zan koma aji

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Shekara 9 ina koyar da lissafi, bana aka ɗora min fizik don malaminsa ya tafi, ban so ba, na faɗa musu ban so ba, babu wanda ya saurare ni. Ranar Laraba na rubuta a allo cewa haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Sai wani yaro ya tsoma biro a kofin ruwa ya ɗaga sama, ga biron kamar ya karye daidai bakin ruwan. Ya ce haske ne ya rage gudu. Aji ya kwashe da dariya, na ce ya fita. Tun ranar barci ya ƙaurace min.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka janye ko taku ɗaya. Masana kimiyya Michelson da Morley sun gwada a 1887, Einstein ya kafa maganar a 1905: ko ka nufi haske da gudu ko ka guje masa, gudu ɗaya za ka auna masa. Tun 1983 ma da shi ake ayyana tsawon mita. Mita 299,792,458 a sakan, daram.

Maman Aisha: Injiniya, wannan ai a sararin da babu komai ne. A ruwa kusan kilomita 225,000 ne, a gilashi kusan 200,000. Yaron bai yi ƙarya ba. Malam, ka kira shi gaban aji ka ba shi haƙuri.

Ɗan Baba: Haka wani malami ya yi min kan tambaya ɗaya tak. Daga ranar na bar kimiyya, har yau abin yana ci min rai.

Injiniya: Hajiya, hasken bai canza ba, cuɗanyarsa da ƙwayoyin ruwa ce ke jinkirta tafiyar. Ya ba shi haƙuri yau, gobe wa zai riƙe ajin?

Maman Aisha: To a allo ya rubuta "a sararin da babu komai"?

Mai tambaya: Ban rubuta ba, amma shi nake nufi. Kuma ba don tambayar na kore shi ba, don yadda ya ɗaga kofin ne yana kallon abokansa. Ba ku ga fuskarsa ba. Litinin su ne darasina na farko.